Ƙamshin Wiwi Ba Shaidar Lafiyarta Ba Ne

Wani saƙo yana ta zagaya wayoyin 'yan'uwa da abokan arziki, har ya kai ga iyaye mata, yana da'awar cewa sabuwar wiwi mai ƙamshin lemo ko mangwaro, wadda samari ke kira Loud, magani ce tsantsa, ba ta taɓa ƙwaƙwalwa. Wanda ya ƙaga maganar nan, ko dai jahili ne mai karambani, ko kuwa dillali mai neman kasuwa, ya kuma cakuɗa ƙaryarsa da gaskiya kaɗan domin ta haɗiyu.

Sahihi ne cewa sinadaran da ke ba ta ƙamshi su ne dai ake samu a ɓawon lemo da kanumfari da masoro. Amma batun cewa tana warkar da ciwon daji babu hujjar da ta tabbatar da shi. Maganin farfaɗiya kuwa da Amurka ta halatta a shekarar 2018, na farko a irinsa, tataccen ruwan sinadarin wiwi mai suna CBD ne da likita ke aunawa, ba hayaƙi ba.

Mas'alar da ke jefa yara cikin halaka ita ce da'awar cewa ƙamshi alamar sauƙi ne. Abin da ke bugarwa shi ne THC, wanda Raphael Mechoulam ya bayyana tsarinsa a Isra'ila a 1964, kuma ba shi da ƙamshi ko kaɗan, saboda haka hanci ba ya iya auna shi. Bal ma, da yake shi da sinadaran ƙamshin daga ƙananan ƙwayoyi masu danƙo na jikin furen macen wiwi suke fitowa, kuma masu tace iri a Amurka da Holan sun shekara da shekaru suna tuge namiji, suna zaɓen mace mafi danƙo, sai ƙarfi da ƙamshi suka riƙa hauhawa tare. A wiwin da hukumomin Amurka suka kama, THC ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kashi 12 a 2014. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya shafi garuruwan Turai da Barazil, ya nuna masu shan mai ƙarfin kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan ninki biyar. Ko ƙamshin yana sauya yanayin mayen, wannan har yau masana suna saɓani a kansa.

Ban ga laifin uwar da ɗanta ya nuna wa ƙulli, ta sansana ta ji lemo, hankalinta ya kwanta ba, domin da hanci muka saba gane ruɓaɓɓe. Sai dai wata wiwin da ake kira Colorado ma, sau da yawa busasshen ganye ne da aka fesa wa sinadarin masana'anta, kuma mai fesa wannan ba zai kasa fesa ƙamshi ba.