Neman Makarantar Injiniya A Amurka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sam mini ɗan fili in gaya wa malamai da iyayen yara abin da na gano sa'ad da nake taya ƙanena neman makarantar injiniya a ƙasar Amurka.

Kowane yaro idonsa na kan MIT, wadda aka kafa a 1861. Ba laifi, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai Georgia Tech a birnin Atlanta, akwai Purdue a jihar Indiyana, inda Neil Armstrong ya gama a 1955, shi ne ya fara taka wata a 1969. Kafin a ruɗu da suna, a bincika ko hukumar ABET, mai tantance karatun injiniya a can, ta amince da fannin da yaro ke so. Makarantar da ta yi fice a lantarki ba lalle ta yi fice a ginin gada ba.

To, ga abin da ya ba ni mamaki. Waɗansu makarantun ba jarrabawa kaɗai suke dubawa ba, har suna auna ko yaro na son su da gaske. Dalili kuwa, yaro guda ya kan nemi makaranta goma, kowace na tsoron ta ba shi gurbi ya tafi wata. Saboda haka suna lura da wanda ya ziyarce su, da wanda ya halarci taronsu ta intanet, da wanda ya aiko da tambaya mai ma'ana, har da wanda ya buɗe wasiƙarsu. Kamar neman aure ne, saurayin da bai taɓa zuwa zance ba, da wuya a ba shi. Na nesa irin namu ba a sa ran ya je da ƙafarsa, wasiƙa ta isa.

Amma ba duka ke yin haka ba. MIT da Stanford ba su lissafa wannan, Lehigh ta Pensilbaniya kuwa tana lissafawa. Yawancinsu suna buga takarda kowace shekara mai suna Common Data Set, a sashen C7 za a ga matsayin kowace.

Babbar alamar so ita ce neman wuri a watan Nuwamba bisa alkawarin in an ɗauke ka ba ka zuwa wata. Ni dai ban ba ɗan talaka shawarar wannan ba, gama ya ɗaure kansa tun bai ga taimakon kuɗin da sauran za su bayar ba.

Ƙanena, da wata makaranta ta tambaye shi dalilin da ya zaɓe ta, sai ya aika mata da amsar da ya rubuta wa wata, ko sunan bai sake ba. Ba su ɗauke shi ba. Bana na zaunar da shi, kowace makaranta sai ya karanta darussanta tukuna, sa'an nan ya ɗauki alƙalami.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.