BABI NA UKU: TASIRIN SINADARAN HOMON DA MAGUNGUNA A KAN DAƊAƊƊEN RAUNIN ZUCIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙirar zuciya da yadda take harba jini. A wannan babi kuwa za a nuna cewa sinadaran homon da jiki kan saki domin tallafa wa zuciya mai rauni, su ne kuma ke ƙarasa ta idan tafiya ta yi nisa, kuma a kan wannan fahimta aka gina maganin cutar a yau. Bayanin ya fi shafar nau'in da zuciya ke harba kashi 40 cikin ɗari ko ƙasa da haka na jinin da ke cikin ɗakinta na hagu a kowane bugu.

3.1 Martanin Jiki ga Raunin Zuciya

Homon wani sinadari ne da wani sashe na jiki ke zubawa cikin jini domin kai umarni ga wani sashen. Idan zuciya ta yi rauni, jinin da ke isa ƙoda yakan ragu, sai jiki ya mayar da martani tamkar an yi asarar jini ne. Nan take ƙoda za ta saki renin, wanda ke aiki a kan wani furotin da hanta ke yi, ya samar da anjiyotensin I. Daga nan wani sinadari da ya fi yawa a huhu zai juya shi zuwa anjiyotensin II, wanda ke tsuke hanyoyin jini, ya kuma sa gilan ɗin da ke bisa ƙoda ya saki aldositiron. Aikin aldositiron shi ne riƙe gishiri da ruwa. A lokaci guda noradirenalin na ƙara wa zuciya saurin bugu.

Ga wanda ya zubar da jini, wannan tsari ceto ne na 'yan sa'o'i. Amma ga mai raunin zuciya umarnin ba ya tsayawa. Ruwan da aka riƙe shi ke kumbura ƙafafu, ya taru a huhu, har majiyyaci ya kasa kwanciya sai ya jingina. Tsukewar hanyoyin jini kuma na ƙara wa zuciya nauyi, naman ta ya yi tabo, ta buɗe ta saki. Ita ma zuciyar tana sakin nata homon mai fitar da gishiri, wanda Adolfo de Bold ya gano a 1981, sai dai akan fi ƙarfinsa.

3.2 Magungunan Rage Wahala

Tun 1785 William Withering na Ingila ya bayyana amfanin tsiron dijitalis ga masu kumburi. Dijokzin, wanda daga wannan dangin tsiro ake samun sa, yana ƙarfafa bugu, amma binciken DIG na 1997 ya nuna yana rage kwanciya asibiti ne kawai, bai rage mace-mace ba. Haka nan furosemaid, mai sa fitsari, yana sauke kumburi da haki cikin hanzari, amma ba ya kashe tushen cutar.

3.3 Magungunan da Ke Danne Homon

Rukuni na farko shi ne masu hana samuwar anjiyotensin II, irin su enalafiril. A binciken CONSENSUS na 1987, wanda ya ƙunshi majiyyata 253 masu tsananin ciwo, ya rage mace-mace da kashi 40 cikin ɗari a wata shida. A 2014 binciken PARADIGM-HF ya nuna haɗin sakubitiril da balsatan ya fi shi, domin yana danne anjiyotensin, yana kuma kare homon ɗin zuciya daga saurin rushewa.

Na biyu shi ne masu tare noradirenalin, irin su bisofurolol. A da ana hana masu raunin zuciya shan su, bisa tunanin za su ƙara kashe mata ƙarfi. Likitocin Suwidin ne suka fara gwada su a 1975, sannan manyan bincike biyu na 1999 suka nuna raguwar mace-mace da kimanin kashi 34 cikin ɗari.

Na uku shi ne sifironolakton, mai tare aldositiron, wanda ya rage mace-mace da kashi 30 cikin ɗari a binciken RALES na 1999. Daga 2019 an ƙara rukuni na huɗu, wato dafagiliflozin da danginsa, waɗanda asalinsu na ciwon sukari ne.

3.4 Abin Lura

Waɗannan magunguna na buƙatar kulawar likita. Ana farawa da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, tare da auna aikin ƙoda da yawan potasiyam a jini. Enalafiril kan kawo busasshen tari, kuma ba a ba mai juna biyu shi. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak kan riƙe ruwa, su ɓata aikin da ake yi.

Batun gishiri ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan raunin zuciya na masu jego da shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta, domin kanwa na ɗauke da sodiyam mai yawa, wanda ke ƙara ruwa a jiki.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa magungunan da suka tsawaita rai su ne waɗanda suka sassauta wa zuciya, ba waɗanda suka tilasta mata ƙara bugu ba. Saboda haka saukar kumburi ba warkewa ba ce; majiyyacin da ya daina shan magani don ya ji sauƙi ya sake buɗe wa homon hanya. Babi na gaba zai duba hanyoyin gano cutar a asibiti.