Amanar Wanda Ba Ya Iya Kai Ƙara

Tun daga watan Mayu na 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da wasu ƙauyukan Sabon Birni suka hallaka mutum fiye da 60, har ya zuwa Agusta na 2024 da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu, ƙasar Gobir ta sha musibu iri-iri, kuma a cikinsu akwai wadda ba a cika lissafawa ba, watau taɓin hankali da firgici da rashin barci da suka kama waɗanda suka tsira, walau suna garin Isa, walau sun ƙetara iyaka zuwa Gidan Rumji. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, can kusa da Sakkwato, hanya ga nisa ga haɗari. Saboda haka ba makawa jama'a su haɗa ƙungiyoyin taimako na kansu, ƙungiya kuwa ba ta tsayuwa sai da amintattu.

Dokar kamfanoni ta 2020 ita ta tsara sha'aninsu. Da sunansu ake yi wa ƙungiya rajista, da sunansu ake riƙe fili da asusu, amma ba su da ikon raba ko kwabo a tsakaninsu. Kuma dokar ta hana wannan matsayi ga yaro, da wanda bashi ya karya, da wanda kotu ta kama da zamba a cikin shekaru 5 da suka wuce. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanci fiƙihu, domin shi ne matsayin naziri a babin waƙafi: yana tasarrufi da dukiya bisa sharaɗin wanda ya bayar, ba bisa son ransa ba. Da dukiyar waƙafi aka riƙe asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, wanda a cikinsa aka keɓe wa masu taɓin hankali sashe nasu, kuma a zamaninmu Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta sha biyan kuɗin maganin irin waɗannan bayin Allah a Kware.

To, amma nauyin amintaccen irin wannan ƙungiya ya ɗara na sauran, ga dalili. Idan aka ci kuɗin rijiya, mutanen gari za su ga ba ruwa su yi magana. Amma wanda Shari'a ta ɗauke wa taklifi, in aka tauye masa magani, ko aka ɗaure shi da mari, ko aka tona asirinsa a kasuwa har auren ƙanwarsa ya mutu, wa zai saurare shi, alhali kowa na cewa ai ba shi da hankali? Abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumba na 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, da yawansu ɗaure da sarƙa, ya daɗe yana gudana ne saboda babu mai leƙawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a Janairu na 2023, ta maye gurbin ta 1958 ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa, sai dai doka ba ta zuwa Gatawa da ƙafarta.

A ganina, kuskuren da aka fi yi shi ne a jera sunayen manya don neman albarka, a bar komai ga magatakarda. Amintacce ba likita ba ne, bai kamata ya tsoma baki a kan wane magani za a ba wane ba. Nasa shi ne ya halarci zama, ya nemi rasit, ya hana mutum ɗaya cire kuɗi shi kaɗai, ya fita daga majalisa in ana maganar kwangilar ɗan'uwansa, ya kuma ziyarci majinyata ba tare da sanarwa ba. Kuma da yake a Gobir mai lalura yakan fara biyawa ta wurin malamin ruƙiyya ko mai maganin iskoki kafin a tuna da asibiti, ya dace a sami malami a cikin amintattu, da mace wadda za ta iya shiga cikin gida, da wanda ya taɓa jinyar ɗansa ya san kuɗin mota daga Isa zuwa Kware.