Filin Dagar da Ke Cikin Ƙirji

A majami'u da yawa, daga Jos har Legas, da zarar an ambaci yaƙin ruhaniya sai hankali ya tafi kan kwanan addu'a, da ɗaure aljanu, da neman maƙiyin da ya tsare wa mutum hanya: mayya a ƙauye, ko ɗan uba mai hassada, ko wani asiri da aka binne tun zamanin kakanni. Ra'ayina shi ne an matsar da filin daga. Ikilisiyar farko, wadda ta fi mu yarda da samuwar aljanu nesa ba kusa ba, ta sa filin a wani wuri dabam, wato cikin tunanin mai bi, a ɗan lokacin nan da ke tsakanin zuwan tunani da amincewa da shi.

Wanda ya fi kowa tsara wannan koyarwa shi ne Ibagiriyus, mutumin Fontus, a ƙasar da ake kira Turkiyya yau. An haife shi wajen shekarar 345, ya zama dikon a birnin Kustantiniya, masani mai fasahar magana. Wajen 382 ya tsere daga birnin saboda zuciyarsa ta kamu da son matar wani babban mutum. Ya bi ta Urushalima, ya ƙare a hamadar Masar cikin masu zuhudu, a nan ya rasu a 399. Mutumin da jaraba ta kora daga gari ya san abin da yake faɗa. Ya kasa tunane-tunanen da ke kai wa mutum hari gida takwas: zarin ci, sha'awar jiki, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, mutuwar zuciya, son yabo da girman kai. Yohanna Kasiyan ya kai jerin zuwa ƙasar Faransa ta yanzu, daga baya Fafaroma Giregori Babba, wanda ya hau kujera a 590, ya sake masa fasali, aka sami manyan zunubai bakwai da Yammacin duniya ta sani.

Abin lura shi ne Ibagiriyus bai kira su zunubai ba tukuna. Zuwan tunani ba ya hannun mutum, in ji shi, amma zamansa yana hannunsa. Ya bi diddigin kowane ɗaya kamar yadda likita ke bin cuta. Son kuɗi ba ya zuwa da sunansa. Yakan zo da hoton tsufa, da ciwo, da kunyar miƙa hannu ga wasu, har mutum ya ɗauka hangen nesa yake yi. Mutuwar zuciya, wadda ya kira aljanin tsakar rana, takan sa yini ya ƙi tafiya, mutum ya dinga leƙen taga, ya tsani wurin da yake da aikin da yake yi, ya tabbata cewa can wani wuri ne alherinsa yake. Son yabo ya fi duka wayo, domin da nasara kan sauran yake ƙiba: wanda ya iya azumi sai ya so a san ya iya. Maganin da Ibagiriyus ya bayar ya ɗauko shi daga Matiyu sura 4, inda Yesu ya mayar wa Shaiɗan martani sau uku da nassi daga littafin Maimaitawar Shari'a. Ya tattara ayoyi kusan 500, ya jera su bisa ga tunanin da kowace ke tunkara, don mai bi ya gane maharin ya amsa masa nan take.

Za a ce wannan ai musun aikin Shaiɗan ne da wayo, an mai da yaƙi ilimin halayyar ɗan Adam. Ba haka ba ne. Tarihin Antoniyus na Masar, wanda Atanasiyus na Iskandariya ya rubuta jim kaɗan bayan rasuwar Antoniyus a 356, cike yake da aljanu masu duka da siffar namun daji. Duk da haka littafin ya nace cewa ba su da iko sai na tsoratarwa da ruɗi. Wasiƙar Yakubu ma ta ɗora farkon jaraba kan sha'awar mutum ta kansa, kuma makaman da Manzo Bulus ya lissafa a Afisawa sura 6, irin su gaskiya da adalci da bangaskiya, halaye ne da ake sawa kullum. Wanda ya kwana yana ɗaure aljanin talauci, gari ya waye ya karɓi cin hanci a ofis, an ci shi da yaƙi a wurin da bai tsare ba. Ga kuma ɓarnar da neman maƙiyi a waje ke yi: tsohuwa ta zama mayya, zumunci ya yanke, fushi kuwa, ɗaya daga cikin takwas ɗin, ya sami rigar ibada.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Idan komai ya rataya ga tsaron tunani, ina alherin Allah? Wannan ce rigimar Agustin da Felajiyus a farkon ƙarni na 5, kuma gaskiya ne wasu masu zuhudu sun yi magana kamar ƙoƙari kaɗai ya isa. Amma a tsarin Ibagiriyus girman kai shi ne daidai wannan zato, mutum ya ɗauka da ƙarfinsa ya tsaya, ya hana Allah yabo. Shi ya sa ya ajiye shi a ƙarshen jeri, a matsayin faɗuwa mafi muni. Kasiyan kuma ya ƙara da cewa tunanin da aka ɓoye ƙarfi yake yi, a bayyana shi ga dattijo mai basira. Wannan zai yi amfani ga ma'aikaci da 'yar kasuwa ma, ko da ba za su taɓa ganin hamada ba, muddin fasto zai zama mai saurare da riƙe sirri.

Akwai kuma masu ƙyamar Ibagiriyus kansa, domin an haɗa sunansa da na Orijin cikin waɗanda aka la'anta a zamanin taron Kustantiniya na 553, saboda hasashensa kan asalin rayuka da makomarsu. Wannan hukunci ya shafi wancan fanni ne. Masu zuhudu ba su yar da koyarwarsa kan jaraba ba: sun ci gaba da kwafe littattafansa cikin Suriyanci da Armeniyanci, wasu kuma cikin Girkanci da sunan wani malami dabam, Nilus.