Ba Kowane Tari Ne Mura Ba

Ga hunturu ya kama, hazo ya sauko. Kowace makaranta na shiga rangadi sai in tarar aji ya ɗauka da tari. In na tambaya, malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mura ce." Sau da yawa da gaskiyarsa, amma fa ba kullum ba.

Mura dai kowa ya san ta: atishawa, majina, ƙaiƙayin maƙogwaro, mutum kuwa yana cin tuwonsa yana aikinsa. Cikin kwana 7 zuwa 10 ta kan wuce da kanta. Ƙwayar da ke kawo ta, watau bairus, fenisilin da danginsa ba su taɓa ta, saboda haka wanda ya sayi kafso don mura ya yi asarar kuɗinsa. Tana da wata yaya mai zafin rai, wadda ta kan ka da mutum farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ita ce kakanninmu suka kira Marisuwa sa'ad da ta ratsa ƙasar nan a 1918. Korona ta 2020 ma kamanninsu ɗaya, sai awo ke raba su. In irin wannan ya kama tsoho ko mace mai ciki, kada a jira.

Abin da na fi jiye wa ƙananan yara shi ne namoniya, ciwon da ke cika huhu da ruwa. Gane shi ba ya bukatar kome sai agogo da ido. A bar yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙidaya numfashinsa minti guda cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60; daga wata 2 zuwa shekara guda, 50; daga shekara guda zuwa 5, 40; to, numfashi ya yi sauri. In kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa duk sa'ad da ya ja iska, ko ya ƙi nono, lalle a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne. Ku malamai da akawuna, ku ke da agogo, ku a ke tambaya a unguwa.

Sa'an nan tarin fuka, wanda Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882. Shi ba ya gaggawa. Muna da wani ɗalibi a kwalejin horon malamai da ya yi zango guda yana tari, yana ramewa, yana gumi da dare, mu duka muna ɗora wa sanyi laifi, har ni. Sai da ya tofar da jini muka farga, alhali kuwa su goma sha biyu ke kwana ɗaki ɗaya. Ya warke, amma ya rasa jarrabawar shekarar.

Duk tarin da ya kai mako 2 a kai kakinsa a auna. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata 6 a ke sha. Wanda ya ji sauƙi ya daina tun bai cika ba, ciwon ya kan komo, wani sa'i ma ya ƙi jin maganin farko.