Kayan yara: abin da ɗan kasuwar Damargu zai iya samowa a baje koli

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma yaro ba ya daɗewa a cikin riga ɗaya. Shi ya sa kayan yara suke cikin hajar da ba ta kwantai a kasuwannin Tanut da Belbeji, musamman gab da sallah, da lokacin komawa makaranta a watan Oktoba, da kuma kaka in manomi ya sayar da hatsi. Galibin kayan kuwa hanya biyu suke biyowa: ko dilar gwanjo, ko sababbin kayan Sin da ake sarowa daga Kano ta Damagaram. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu shaguna sun ga illar dogaro da hanya guda.

Akwai hanya ta uku da ba a cika kula da ita ba: ƙananan masu ɗinki da suke fitar da kaya da sunansu da tambarinsu, ba tare da wani babban kamfani a bayansu ba. Yawancinsu ba su da shago a bakin titi, sai dai lambar WhatsApp da shafin Facebook. Inda ake ganinsu ido da ido shi ne kasuwar baje koli.

Mafi kusa da wannan harka shi ne SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata da aka fara a Yamai a shekarar 2000. Sai FIMA, bikin ɗinki da ado da Alphadi ya buɗe a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, kodayake shi ya fi karkata ga kayan manya masu tsada. A Wagadugu kuma akwai SIAO, wanda ake yi tun 1988. Babu ko ɗaya cikinsu da aka keɓe wa kayan yara, don haka sai mutum ya bi rumfa rumfa.

Amfanin zuwa shi ne hannu yana taɓa kaya, abin da hoto a waya ba ya bayarwa. A juya rigar a duba ɗinkin ciki, a ja maɓalli a ga ko zai cire, domin abin da ya cire daga rigar jariri bakinsa yake nufa. A tambaya ko yadin yana zuba, ko yana tsukewa bayan wanki. Sannan a tuna da inda za a kai kayan. Rigar leshi mai kwalliya da ta yi kyau a Yamai, ba lalle ta jure ƙaya da ƙarangiya da wankin ruwan rijiya ba. Auduga mai kauri, da wando mai roba a ƙugu, da riga mai lanƙwasa a ƙasa wadda za a kwance in yaro ya ƙara tsawo, su ne uwa a Damargu za ta ga darajar kuɗinta a kansu. Kar a manta da hunturu kuma: daga Disamba zuwa Fabrairu sanyin yankin ba wasa ba ne.

Babbar matsalar ita ce awo. Tela ya saba auna yaro kafin ya yanka, shi kuwa mai shago yana son riga ta ɗan shekara 2, da ta 4, da ta 6, kowace daidai da ƴar'uwarta. Mai ɗinkin da ba ta da tsayayyen awo, komai kyan aikinta, sari da ita wahala ne. Haka nan a tambaye ta guda nawa take iya fitarwa a mako, saboda keke biyu ba za su cika odar sallah a kwana goma ba.

Game da farashi, ba za a yi gasa da gwanjo ba, kuma bai kamata a gwada ba. Kasuwar waɗannan kaya ita ce ta sallah da suna da biki. Farashin rumfa na ɗai-ɗai ne, a nemi na dozin, a haɗa da kuɗin mota daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kilomita kusan 900, sannan zuwa Tanut kan hanyar Agadas. Ya fi a fara da kaɗan, a biya rabin kuɗi ta Nita ko Al Izza, sauran in kaya sun iso.

Telolin Tanut da Belbeji su ma suna iya zama masu rumfa, ba ƴan kallo kaɗai ba. Mutum uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗin rumfa ɗaya, su nemi bayanin rajista wajen majalisar masu sana'ar hannu ta ƙasa, wato CMANI. Wanda sunan kayansa ya fara tafiya kuma, ana kare tambari ta hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda Nijar take cikinta.