Uwargida, Ina Hotunanki Na Da?

Uwargida, in kin buɗe adakar mahaifiyarki a Bichi, ko Dambatta, ko Minjibir, da wuya ki rasa wani tsohon hoto: ga ta ta ci ado, bayanta teku da itatuwan kwakwa. Alhali kuwa ba ta taɓa zuwa Ikko ba. Tekun nan zane ne a jikin ƙyalle, wanda mai hoto kan rataya ran Salla ko ran kasuwa.

A zamanin, fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka. Sai ya cika tukuna mai hoto ya kai shi Kano a wanke, ke kuwa ki yi ta jira. Shi ya sa ba a ɗaukar hoto da wasa.

Wayar hannu ta ture sana'ar nan, har kamfanin Kodak ya shiga halin fatara a 2012. To, hoton da ya lalace yau, wa zai sake miki shi?

Maƙiyansa uku ne: danshin damina, gara, da rana. Kada ki jingina shi da bangon ƙasa. Ki sa shi cikin ambulan, ki rufe a gwangwani. In baƙin fim ɗin yana nan, riƙe shi ta gefe, domin da shi ake sake wanko hoton.

Abu mafi muhimmanci, ki tambayi tsofaffi tun suna raye, ki rubuta suna da shekara da fensir a bayansa. Jikokinki za su gode miki.